Karan da Ba a Ƙona Ba

Cikin watan Janairu na fara jin ƙarar, a wani dare da iska ta ɗauke ƙaf. Na fito zagayawa da bargo a kafaɗa, sai na ji wani abu daga gangaren da ke bayan gidan yayana, inda 'yan bishiyoyin tuffa huɗu suke tsaye cikin ƙanƙara. Ba kuka ba ne, ba kuma takun ƙafa ba. Ƙurus, ƙurus, ƙurus, a hankali, kamar tsohuwar da haƙoranta suka ƙare tana fama da busasshen burodi. In na matsa sai ta tsaya. In na daskare wuri ɗaya har sanyi ya fara cizon kunnuwana, sai ta dawo. Na durƙusa a bakin shinge na kara kunne a kan ƙanƙarar. Daga ƙarƙashi take fitowa.

Ni dama an san ni da irin wannan. Sunana Amund, kuma a duk tsawon gaɓar ruwanmu, in aka ce Amund ya ji wani abu, sai mutane su gyara zama su shirya dariya. Karatuna bai yi nisa ba. 'Yan watannin da na zauna gaban malami, yawanci gizo-gizon da ke saƙa a taga nake kallo. A jirgin dakon kaya na ƙare ƙuruciyata, ina wanke daɓe, ina jan igiya, ina tara abubuwan da ba wanda ya ga amfaninsu: dutse mai huda a tsakiya, ƙwan da aka samu wani ƙwan a cikinsa, ƙashin kifi mai kama da gicciye. Da gwiwoyina suka gaji, yayana Haldor ya ba ni ɗan ɗakin da ke jikin rumbu. Noma kam ban san shi ba. Abin da na iya shi ne riƙe tsani da kallon sama.

Da safe na shiga kicin wurin Synneva, matar yayana. Haldor ya rasu a kakar da ta wuce, daga ni sai ita muka rage a gidan. Ta zuba mini kofi, ta turo gurasa da man shanu. Na ce na ji wata ƙara jiya da dare.

"Cikinka ne, ƙanin miji," in ji ta. "Kwano biyu ka ci na wake, ina kallonka."

Na ce cikina ba ya ƙurus-ƙurus, rugugi yake yi, kuma ita ce shaida, tunda ta sha cewa har kaji yake tasa daga barci. Ta yi dariya, wadda na daɗe ban ji ba. Sai na ce daga gindin bishiyoyin nan ne, ƙarƙashin ƙanƙara. Cokalin da take juya kofi da shi ya tsaya. Mu biyun mun san abin da ke shimfiɗe a wurin.

Bishiyoyin nan huɗu su ne kaɗai suka rage na tuffar Inna. Mahaifiyarmu tana amarya ta tsinci wani ɗan tsiro a gefen juji ta dasa shi bayan gida, ya girma ya ba da 'ya'yan da ba irinsu a ko'ina. A kaka kore ce, mai tauri, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ciza. Amma in aka ajiye ta a rumbu har Kirsimeti sai ta koma rawaya, ƙamshinta ya cika gida, ɗanɗanonta kamar an ɗiga zuma a kan abu mai ɗan yaji. In ka shuka ƙwayarta wata aba ce daban za ta fito, sai dai a yanki reshe a yi masa aure da kututturen tuffar daji. Inna ba ta taɓa yarda a kai reshenta wata gona ba, Haldor ma ya bi ta a haka. Ranar da guguwa ta tumɓuke tsohuwar bishiyar, sai ga shi durƙushe a kanta da wuƙa yana yankan rassa. Cikin waɗanda ya ɗaura, huɗu suka kama. Lokacin da ya rasu sun fi ni tsawo, amma ba su taɓa fure ba.

Ƙasarmu ta gangare ce, 'yar siririya a kan dutse. In ruwa ya yi yawa ya wanke ta zuwa teku, in ya ɗan yi jinkiri ta bushe kamar toka, da hunturu kuma sanyi ya ɗaga ta ya tsinka ƙananan saiwoyi. Shi ya sa Haldor ba ya barin ta a buɗe. Duk abin da zai iya ruɓewa, a gindin itace yake ƙarewa: karan sha'ir, busasshen ganye, ciyawar teku da igiyar ruwa ta watso, dattin ulun da ake askewa daga gindin tumaki. Ƙarƙashin wannan shimfiɗa danshi yana daɗewa, ciyawa ba ta samun hasken fitowa, a hankali kuma abin ya narke ya zama ƙasa. Wata rana ya ɗaga mini gefe guda ya nuna mini tsutsotsi suna jan kara zuwa cikin rami. Na yini ina tunanin ashe ƙasa tana da baki.

Maƙwabcinmu Endre, wanda gonarsa ta fi tamu shimfiɗewa, shi yake kawo wa Haldor kara cike da keken doki kowace kaka, shi kuma ya karɓi kwandon tuffar Inna da Kirsimeti. Ko bayan faɗuwar bishiyar bai fasa kawowa ba. Ya ce zai jira sababbin bishiyoyin su girma, shi ba gaggawa yake ba.

Abu biyu Haldor yake yi da Synneva ta mayar abin tsokana. Na farko, in ya gama shimfiɗa sai ya durƙusa ya janye karan daga jikin itacen, ya bar fili kamar faɗin tafin hannu zagaye da shi. Takan leƙo ta taga ta ce, "Ka lulluɓe yaro ka bar masa wuya a waje, wane irin uba ne kai?" Na biyu, duk ranar da ƙanƙara ta zuba, sai ya fita ya yi ta zagaya kowace bishiya yana tattakawa da manyan takalmansa, hannuwa a baya, kai a sunkuye. Wannan ta sa masa suna rawar Haldor. Shi kuwa mutum ne da magana take masa nauyi. Murmushi kawai yake yi ya ci gaba. Ni a raina na ɗauka yana barin filin ne don itacen ya sha iska, rawar kuma don ƙafafunsa su ɗumama.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi ana tsakiyar girbi. Ni da Synneva muka sussuke sha'ir ɗinmu yadda muka iya, ita hankalinta na ɗaki, ni kuwa nawa dama ba ya zama wuri ɗaya, muka bar ƙwaya da yawa a jikin karan. Kafin ganye ya gama zuba ya cika.

A wurinmu, in an fita da gawa, sai a farke katifar da mutum ya cika a kanta, a fito da karan ciki a ƙona a bakin hanya. Tsofaffi kuma sukan tsaya su ga inda hayaƙin ya nufa, wai gidan da ya dosa shi ne na gaba. Ni tun ina yaro nake son kallon wannan, ko da yake sau biyu hayaƙin ya dosa teku, ba wanda kuma ya nutse. To, ranar jana'izar Haldor, an dawo daga coci, Guro matar Endre ta tambaya a ina za a hura wutar. Synneva ta ce ba za a hura ba.

"Ba a yin haka, Synneva," in ji Guro, a hankali, don akwai mutane.

"Mutumin da bai taɓa ƙona ko ganye ɗaya ba a rayuwarsa, ni zan ƙona masa shimfiɗa? Gindin itacensa za ta."

Guro ta ce mamaci ba ya samun kwanciya in karansa na nan, kowa ya san wannan, kuma ba gidansu kaɗai ba ne a gangaren. Synneva, da kwana da kwanaki ba ta runtsa ba, ta ce in hayaƙi Guro take ƙishirwar gani don ta san ko ita ce ta gaba, to ta je ta ƙona tata katifar. Guro ta ɗauki farantin da ta kawo waina a kai, ta juye wainar a kan tebur, ta fita. Shekara talatin suna aron gishiri da allura a tsakaninsu, rana ɗaya abin ya tsaya. A kakar nan keken Endre bai hauro ba.

Washegari Synneva ta kwashi karan katifar da hannunta ta raba wa bishiyoyin huɗu. Bai isa ba, sai ta ƙara da namu karan sha'ir, ni ina ɗauko mata. Ta tula shi har gwiwa, ta cusa shi jikin kowane itace, ta danna da tafin hannu kamar mai gyara wa jinjiri zani. Da ta miƙe ta ce, "Bana dai ba za su kwana da wuya a waje ba." 'Yarta Ragna, wadda take aure a birnin Bergen, ta so ta tafi da ita a jirgin da ya kawo ta. Synneva ta ce ba inda za ta sai ta ga 'ya'yan itacen nan, ta kai wa Haldor ta fari a kabarinsa. Ba da jimawa ba ƙanƙara ta sauko ta rufe komai. Ba wanda ya yi rawa a shekarar.

Wannan ne abin da ke ƙarƙashin wurin da na ji ƙarar.

Da yammacin ranar, duhu ya fara shiga tun ba a sha kofin la'asar ba, Synneva ta yafa mayafi ta ce in kai ta inda na tsaya. Muka tsaya a bakin shinge kamar ɓarayi biyu. Na fara jin kunya, don ƙarar ta ƙi zuwa, na kuma san abin da za a ce da ni. Can sai ga ta. Ƙurus, ƙurus. Synneva ta kama hannun rigata. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Haka yake cizon haƙora in yana barci. Shekara da shekaru yana hana ni runtsawa da shi."

Ban musa mata ba, don ni ma abin ya yi mini daidai. Na ce ko in ɗauko shebur mu ɗan leƙa, ba don komai ba sai don ina son ganin abin da idona. Ta ce in na taka wurin nan sai ta karya mini sauran gwiwar. Mutum ya samu barci, a bar shi.

Daga nan kusan kullum takan fita da yamma ta tsaya a bakin shingen. Ta fara cin abinci sosai. Ta koma tsokanata kamar da, tana cewa in na mutu ita za ta gaji dutsen nan mai huda ta sa wa rago a wuya.

Ni kuwa bakina ba ya riƙe abu. Ranar da jirgin wasiƙu ya zo, mazan gangaren na tsaye a mashiga, inda jirgi ke tsayawa, suna jiran a sauke buhunan gari, na ba su labari. Na ce Haldor yana juyi a shimfiɗarsa, ni da matarsa mun ji da kunnenmu. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce in tambaye shi inda ya ajiye zarton da ya ara masa. Wani ya ce ai Amund ko tukunya ta yi tusa sai ya ce mala'ika ne. Endre ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya saɓa buhunsa ya wuce. Na lura daga ranar, in zai gangara bakin ruwa, yakan bi ta doguwar hanya don kada ya gifta shingenmu.

Wajen ƙarshen hunturu ƙarar ta ɗauke. Synneva ta ce ya samu natsuwa ke nan.

Da ƙanƙara ta narke, kowa a gangaren ya fita da manjagara yana buɗe gindin itatuwansa, yana juya tsohuwar shimfiɗa, yana duba abin da sanyi ya bari. Synneva ba ta taɓa tata ba. Karan ya lotsa, ya yi baƙi-baƙi, ya manne jikin itacen kamar kwalar riga. Inda ya yi ƙasa ma sai ta ƙara sabo.

Sai ga fure. A watan Mayu, bishiyoyin nan da ba su taɓa yi ba suka fashe gaba ɗaya, fari da ɗan ja-ja, har ba a ganin reshe. Ban taɓa ganin ƙaramin itace ya yi fure haka ba. Ƙudan zuma suka taru a kai har ana jin su daga kicin. Masu wucewa a kwalekwale suna ɗaga filafili suna nunawa. Ranar Lahadi, a hanyar dawowa daga coci, na ga Guro ta tsaya daga nesa tana kallo, hannunta a baki. Synneva ta gan ta sarai, sai ta ɗauko kujera ta zauna a ƙofar gida da saƙarta, tana 'yar waƙa. Ta aika wa Ragna saƙo ta bakin mai jirgi cewa a daina gyara mata ɗaki, bana za ta ci tuffar Inna.

Ni ma na yi ta yawo da kai a sama. Na ce wa mutanen mashiga, to, wa ya ji abu yanzu?

Furen ya zube, 'ya'ya suka ɗaura, ƙanana kamar kan yatsa. Daga nan suka tsaya. Ganyen bai buɗe sosai ba, ya tsaya ƙanana, ya fara rawaya daga gefe. Aka shiga kwanakin da rana ba ta son faɗuwa, aka ɗan yi fari. Synneva ta ce ƙishirwa ce. Muka yi ta jigilar ruwa daga rafi da bokiti, safe da yamma, ta kuma ƙara kara don danshin ya zauna. In na sa yatsa ta gefen shimfiɗar, ƙasar a jiƙe take sharkaf, amma ganyen sai ƙara naɗewa yake. Da safe mukan tarar da 'yan 'ya'yan a zube a kan karan. Takan tsince su ta zuba a aljihun gaban rigarta, ban san me take yi da su ba.

Wata safiya a watan Yuli muna tsaye da bokitai, sai muka ji shinge ya yi ƙara. Endre ne yake haurowa, da tsufansa da ƙaton cikinsa, har wandonsa ya kama ƙusa. Bai gaishe mu ba. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, kamar mai shiga ɗakin gawa, ya ce, "Maƙwabciya, ki zage ni in kin ga dama, amma sai na duba."

Synneva ba ta hana shi ba. Ina jin ita ma ta gaji da rashin sani.

Ya durƙusa a gindin ta farko, ya cusa hannu cikin karan ya janye shi. Daga ƙasa har kusan tsawon tafin hannu babu ɓawo ko kaɗan. Itacen tsirara yake zagaye, ya bushe ya yi ruwan toka, duk jikinsa sawun 'yan ƙananan haƙora bibbiyu. Cikin karan kuwa hanyoyi ne a murɗe, da ɗakuna, da ɓawon sha'ir tuli-tuli, da wata sheƙa mai laushi da aka yi da zaren katifa. Ɓerayen gona ne. Mun ba su ɗaki mai ɗumi, mun ba su hatsi, da hatsin ya ƙare suka juya kan ɓawon da muka kai musu har bakin gado. Ya buɗe ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. Duk ɗaya.

Na tambaye shi, to furen fa? Ya ce abin da ke cikin rassan ne tun bara. Itacen da aka yanke wa wuya haka yakan zubar da duk abin da ya rage masa a fure ɗaya. Da an gani tun narkewar ƙanƙara, da an ɗauko 'yan rassa an yi gada a kan raunin, daga ɓawon ƙasa zuwa na sama, wataƙila biyu su rayu. Ko ba haka ba, da an yanki rassan tun suna barci an ɗaura a wani kututturen, irin dai ba zai ɓata ba. Yana magana yana kallon hularsa.

Synneva ta ajiye bokitinta a hankali. Ta ce, "Filin nan da yake bari, don wannan ne?"

Endre ya ce e. Ɓera ba ya son fitowa sarari, ko na tafin hannu ne, yana tsoron mujiya. Tattaka ƙanƙara kuma don ta yi tauri ne su kasa haƙa hanya zuwa jikin itacen.

"Shekara talatin ina yi masa dariya a kan wuyan nan," in ji ta. "Ko sau ɗaya bai buɗe baki ya ce mini ga dalili ba."

"Haldor ne fa," in ji Endre. "Ni ma da na tambaye shi ko zai auri ƙanwata, sai da ya aure ki na samu amsa."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai sa ran za ta yi ba. Ya zauna a kan dutse ya ce tun kaka ya hango tulin daga gonarsa, ya san ya yi yawa, ya kuma matse itacen. Ya ce bari zukata su huce tukuna ya zo ya faɗa, sai ƙanƙara ta riga shi. Ya juyo gare ni ya ce, da a gonar wani aka ce an ji ƙurus-ƙurus ƙarƙashin ƙanƙara, da kafin a rufe baki ya ce ɓeraye ne. Amma da yake karan nan ne, da na ce Haldor, shi ma sai ya ɗauka Haldor ne.

Ya zaro wuƙarsa ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana kankarewa, yana neman inda ya rage kore. A can saman ta uku ya samu wani ɗan reshe da bai gama bushewa ba. Ya naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle ya tafi da shi, ya ciro 'yan idanunsa, inda toho ke fitowa, ya cusa a jikin tuffar daji da ke bayan rumbunsa. Guro da kanta take zuwa dubawa kowace safiya. Ita ce kuma ta hauro, bayan 'yan makonni, da waina a farantin nan dai, ta ce idanun sun yi baƙi sun faɗo. Ba ta ambaci wuta ba, ba ta ambaci hayaƙi ba. Suka zauna a kicin su biyu har kofi ya huce.

Na ɗauka Synneva za ta ƙona karan a ƙarshe. Wata rana ma na gan ta ta nufi gangaren da manjagara da ashana. Amma da ta ja, babu abin ƙonawa. Na sama-sama ne kawai ya rage, sabon da ta ƙara. Na ƙasa, na katifar Haldor, ya riga ya tafi. A madadinsa ƙasa ce baƙa wuluk, mai laushi kamar garin burodi, mai ƙamshin daji bayan ruwa, tsutsotsi na ta kai da kawo a ciki. A duk gangarenmu ban taɓa ganin ƙasa mai kyanta ba. Ta ɗebo cikin tafin hannu ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Aikinsa dai ya yi." Ta mayar da ashanar aljihu.

Daga wannan ƙasar, ƙasa da raunin, kututturen ya turo sababbin tsirrai, dogaye, masu ƙarfi, da ganye shar. Murna ta kama ni, na ruga na kira Endre. Ya duba ya girgiza kai. Na dajin ne, in ji shi, uwar da aka ɗaura a kanta. Za su girma, za su yi 'ya'ya ƙanana masu tsami da ko alade sai ya yamutsa fuska. In ana so, bayan shekara biyu a iya ɗaura musu wani irin, akwai masu kyau a gonarsa. Synneva ta ce ta ji. Ba ta ce a sare su ba, ba ta ce a bar su ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ɗanɗanon. Ina iya tuna launin tuffar Inna, da nauyinta a hannu, da yadda Inna take goge ta a gefen zaninta kafin ta raba mana da wuƙa. Amma in na rufe ido na nemi ɗanɗanon a harshena, sai ya matsa gaba kaɗan, kamar ƙarar nan in na taka kusa da ita. Na ajiye guntun itacen mai sawun haƙora a kan tagata, kusa da dutse mai huda. Shi kaɗai ne cikin tarkacena ba na nuna wa baƙi.

Da kaka ta yi nisa, Ragna ta aiko cewa za ta zo a jirgin Asabar, ɗakin yana nan a gyare. Synneva ta sauko da akwatinta daga saman rumbu ta buɗe shi a tsakar ɗaki. Kwana biyu yana nan a buɗe, ba abin da ke ciki sai littafin waƙoƙin coci da manyan takalman Haldor.

Ranar Juma'a da hantsi, sama ta yi nauyi irin na ƙanƙarar farko, muka ji ƙarar ƙafafun keke a kan duwatsun hanya. Endre ne, yana jan dokinsa ta linzami, keken cike da kara har yana zuba ta gefe. Kara ne mai tsabta, an sussuke shi tas, ko ƙwaya ɗaya ba ka gani. Ya tsaya inda ya saba tsayawa a zamanin Haldor, tsakanin ƙofar kicin da shingen gangare. Synneva ta fito tana goge hannu. Daga inda muke ana hango busassun sanduna huɗu, da tsirran dajin a gindinsu, ganyensu bai gama zuba ba.

Endre ya tambaya ina zai sauke. Synneva ta dubi gangaren, ta waiwaya ta dubi akwatin ta ƙofar da ta bari a buɗe. Ni na dubi dokin, wanda ya miƙa wuya baya yana ƙoƙarin cin kayan da ya ɗauko. Endre ya jira, ya gyara hula, ya canja linzamin zuwa ɗaya hannun.

"Maƙwabciya," in ji shi, "a rufe tsirran nan ne, ko in juya da shi?"